Shin lasisin ƙaramar mota ya isa in ja tirelar ɗaukar mota a Ingila?

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa da ke zaune a Manchester. Ya ce ya ci jarrabawar tuƙi ta Birtaniya a bara, yana da motar kaya ƙirar Transit, kuma yana sayen motocin gwanjo yana turawa Najeriya ta jirgin ruwa. Kuɗin da yake biyan masu ɗaukar motar zuwa tashar Tilbury ya ishe shi, don haka yana so ya sayi tirela mai taya huɗu ya riƙa kai su da kansa, in hali ya yi har ya ɗauka wa abokai su biya shi. Yana tambaya ko lasisinsa ya isa, kuma nauyi nawa doka ta yarda ya ja.

Malam, ta ɓangaren lasisi ba ka da matsala. Tun daga 16 ga Disamba 2021, duk wanda ke da cikakken lasisin ƙaramar mota, wato rukunin B, a Ingila da Sikotilan da Wales, an yarda ya ja tirelar da iyakar nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, ba tare da wata sabuwar jarrabawa ba. A da sai ka zauna jarrabawa ta daban kafin a ba ka rukunin BE, wato na mota da tirela. Gwamnati ta soke ta ne lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin direbobin manyan motoci, domin masu gwajin su samu sararin gwada direbobin daf. Hukumar DVLA mai ba da lasisin tuƙi ta riga ta ƙara BE a bayanan kowa, ko da ba ka gan shi a bayan katinka ba, zai fito in an sabunta maka. Abu biyu kawai ka riƙe: idan da mota mai giya otomatik ka ci jarrabawa, to da irinta kaɗai za ka ja tirela, sannan Ailan ta Arewa ba ta bi wannan sauyi ba, can har yanzu sai da jarrabawa.

Da yawa daga mutanenmu nan suke tsayawa. Sun ji an ce "tan uku da rabi", sai su ɗauka magana ta ƙare. Alhali lasisin izini ne da aka ba ka kai direba. Bai ce komai ba a kan abin da motarka za ta iya ja, bai ce komai ba a kan abin da tirelar za ta iya ɗauka, kuma bai ba ka izinin yin sana'ar dakon kaya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa lissafin, kuma wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka.

Buɗe ƙofar motarka ta gaba ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kansa, ko ka ɗaga bonet. Za ka ga ɗan faranti na ƙarfe ko sitika mai lambar shasi, a ƙarƙashinta akwai lambobi huɗu a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, har da kai da man da ke tanki. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne iyakar nauyin motar da tirela a haɗe. Na uku da na huɗu, masu lamba 1 da 2 a gabansu, su ne iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka. Idan wurin lamba ta biyu babu komai, kamfanin da ya ƙera motar bai amince a ja komai da ita ba, kada ma ka sa mata ƙugiyar ja.

Mu ɗauki misali, lambobin nan na koyarwa ne, naka na iya bambanta ko da ƙirar motar ɗaya ce, saboda Transit iri-iri ce. A ce farantinka ya nuna 3,500 da 6,000, littafin motar kuma ya ce tana jan kilo 2,500 in tirelar mai birki ce. Ka sayi tirela da farantinta ya nuna iyakar nauyi 2,700, ita kanta babu kaya kilo 700. Ke nan za ta ɗauki kilo 2,000. Ka ɗora mata ƙaramar mota mai kilo 1,300, jimilla 2,000, lafiya lau ta kowace fuska. Washegari ka ci gwanjon jif mai kilo 1,900. Jimilla 2,600. Lasisinka ya yarda, tirelar ta yarda tunda ba ka kai 2,700 ba, amma ka wuce abin da motarka ke ja da kilo 100. Idan kuma cikin Transit ɗin a cike yake, ka wuce 6,000 ɗin ma, kuma wannan laifi ne kai tsaye da za a auna a rubuta maka.

Akwai wani bambanci da ke rikita mutane, ya kamata ka fahimce shi sosai. Lasisi yana duba abin da aka rubuta a farantin tirela ne, abin da suke taƙaitawa da MAM, ko da tirelar wayam take. Ƙarfin jan mota kuwa yana duba ainihin nauyin da ke bayanka a wannan rana. Saboda haka ba laifi ba ne ka jona tirela mai faranti 3,500 a motar da ke jan 2,500, matuƙar abin da sikeli zai nuna bai wuce 2,500 ba. Amma tirelar da farantinta ya haura 3,500, ko ba ka ɗora mata allura ba, BE bai isa ba.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a harkar masu tura motoci gida. Na sha ganin motar da za a kai tasha an cusa mata kaya har rufi: tayoyi huɗu a kujerar baya, ƙaramin firji a but, kwalayen takalma, injin wanki a cikin motar da ke ja, wani lokaci har da injin mota guda da giyabos da aka ce a kai wa wani a Kano. Kowa ya kawo saƙonsa, kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a. Nauyin da ka gani a takardar motar na motar ce ita kaɗai. Injin mota guda na iya haura kilo 150, kuma ba ya ɗaukar wuri sosai, shi ya sa ido ke yaudarar mutum. Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya: sikelin auna motoci na jama'a. Ƙananan hukumomi suna da jerin wuraren da ke kusa, kuɗinsa kaɗan ne. Ka hau da mota da tirela a haɗe, sannan ka auna tirelar ita kaɗai, ka karɓi takardar ka ajiye a mota. Ka yi haka sau biyu ko uku da kaya daban-daban, idonka zai fara koyon ƙiyasi.

Idan jami'an DVSA, hukumar kula da ƙa'idojin tuƙi da lafiyar motoci, ko 'yan sanda suka tsayar da kai suka kai ka sikeli, tarar wuce nauyi tana farawa daga fam 100, ta koma 200 in ka wuce da kashi 10 cikin ɗari, 300 in ka kai kashi 15, idan kuma ka haura kashi 30 sai sammacin kotu. Tarar ba ita ce abin damuwa ba. Za su hana motar motsi har sai ka rage kayan, kana gefen titi da jif a kan tirela, jirgi kuma ba ya jiran kowa.

Nauyi ba adadi kaɗai ba ne, inda ya zauna ma magana ce. Dole bakin tirelar ya danna ƙugiyar motarka da wani ɗan nauyi, ba mai yawa ba, ba kuma sifili ba. Littafin motar da jikin ƙugiyar suna nuna iyakar wannan nauyi, kuma masu harkar sukan nemi wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirelar. Shi ya sa ake hawar da mota da injinta ta gaba, mafi yawan nauyin ya faɗa kan tayoyin tirelar ko ɗan gaba da su kaɗan. Idan ka matsar da ita gaba da yawa, bayan motarka zai durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, ƙafafun baya kuma su wuce lambarsu ta farantin nan ko da jimillar nauyin daidai take. Idan ka bar ta a baya, abin ya fi muni. Da zarar ka kai gudun mil 50 wata babbar mota ta wuce ka, tirelar za ta fara kaɗa bayan motarka hagu da dama, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, kamar jelar da ta fi ƙarfin saniya. In haka ta same ka, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin gyara ta da sitiyari, kada kuma ka saurari masu cewa a ƙara wuta. Ɗage ƙafarka daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, bari gudun ya sauka da kansa, sannan ka nemi wurin tsayawa ka gyara zaman kayan.

Duk tirelar da iyakar nauyinta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta mai aiki, don haka taka ta shiga ciki. Irin birkin da ke jikinsu yana kamawa ne lokacin da motarka ta rage gudu tirelar ta turo ta daga baya. Tare da shi akwai wata siririyar waya, galibi mai jan roba, da ake maƙalawa a jikin motar. Aikinta shi ne in tirelar ta tsinke, wayar ta fizgi birkin ta tsayar da ita. Mutane suna raina wannan waya, wasu su naɗe ta a wuyan ƙugiyar kawai, wasu su bar ta tana jan ƙasa har ta cinye. A 2014 a Bristol wata tirela ta ɓalle daga motar da ke jan ta ta hau gefen masu tafiya a ƙasa ta kashe yaro ɗan shekara uku da ke tafiya da mahaifiyarsa. Wannan rasuwar ce ta sa DVSA ta yi ta kamfe a kan duba tirela kafin tashi. Ina roƙonka, duk lokacin da ka jona, ka juya hannun ƙaramar tayar gaba ka ɗaga bakin tirelar har ka ga bayan motarka ya ɗan tashi tare da ita. In ya tashi, ta kama. Minti ɗaya ne.

Sauran ƙa'idojin hanya ba su da wuya. Gudunka da tirela mil 60 ne a manyan tituna irin M6 da M1 da masu raba hannu, mil 50 a hanya mai hannu ɗaya, kuma an hana ka shiga layin dama na ƙarshe a babban titi mai layi uku ko fiye. Faɗin tirela kada ya wuce mita 2.55, tsawonta kada ya wuce mita 7 ban da ƙarfen bakinta, tunda motarka ba ta haura kilo 3,500 ba. Lambar motarka ce za ta kasance a bayan tirelar, fitilunta su yi aiki, zanen tayoyinta ya kai milimita 1.6. Idan tirelar ko kayan sun fi motarka faɗi har ba ka ganin baya, sai ka ƙara madubin ja, rashinsa na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000 da makin laifi uku a lasisinka. Motar da ke sama kuma a ɗaure ta ta tayoyinta huɗu da bel mai ƙarfi, ba a dogara da birkin hannu ko igiyar winci ba, sannan bayan ka yi 'yan mil ka tsaya ka sake ɗaure su, don sukan saki.

Wani zai ce maka ka manta da tirela, ka sayi ɗan ƙarfen nan da ake ɗora tayoyin gaba a kai na baya suna bin ƙasa, ya fi araha. Kada ka saya don wannan aikin. A idon doka motar da ake ja ta haka ta zama tirela, tunda kuma ta wuce kilo 750 sai birkinta ya riƙa aiki tare da naka, abin da yawancin waɗannan ƙarafan ba sa yi. An bar su ne don janye motar da ta lalace zuwa wuri mafi kusa, ba don tafiyar da ta haura mil 200 daga Manchester zuwa Tilbury ba.

To ga babbar maganar, wadda na tabbata mai sayar maka da tirela ba zai faɗa maka ba. Kai ba yawon shaƙatawa za ka je da ita ba, kasuwanci kake yi. Da zarar iyakar nauyin mota da tirela a haɗe ya wuce kilo 3,500 kuma kayan na kasuwanci ne, ka faɗa ƙarƙashin dokar awannin tuƙi irin ta direbobin manyan motoci. Idan farantin motarka ya nuna 3,500 kamar a misalin nan, ita kaɗai ta riga ta cinye 3,500 ɗin, don haka ko wace irin tirela ka jona ka haura. Ma'anarsa sai an sa wa motar na'urar takograf mai rubuta lokacin tuƙi da hutu, kai kuma ka nemi katin direba daga DVLA ka riƙa sa shi. Awa 9 na tuƙi a rana, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kada ka wuce awa 56 a mako ko 90 a mako biyu. Lissafa da kanka: zuwa Tilbury da dawowa a gudun tirela, ga cunkoson M25, babban titin da ya zagaye Landan, zai yi wuya ya shiga cikin awa 9. Akwai sassauci ga mai sana'ar hannu da ke ɗauke da kayan aikinsa cikin da'irar kilomita 100 daga mazauninsa, kamar magini da injin kwaɓa siminti. Motar da ka saya don sayarwa ba kayan aiki ba ce, haja ce, kuma Tilbury ta fi kilomita 100 nesa ba kusa ba. Wannan sassaucin ba naka ba ne.

Sai lasisin gudanar da sufuri, wanda Kwamishinan Sufuri ke bayarwa, kuma daban yake da lasisin tuƙi. A nan abin da ka ce game da abokai ne ya tsaya mini a rai. Idan motocinka na kanka kaɗai kake ɗauka, kuma tirelar babu kaya ba ta kai kilo 1,020 ba, doka ta ɗauke maka neman wannan lasisi, yawancin tirelolin ɗaukar mota ɗaya kuwa ba su kai haka ba. Ka duba wannan lamba kafin ka biya kuɗin tirela. Amma ranar da ka ɗauki motar wani ya ba ka ko da fam 50 ne, ka zama mai dako don lada, sassaucin ƙaramar tirela ya faɗi, sai cikakken lasisi. Shi kuma yana buƙatar manajan sufuri mai takardar shaida, da wurin ajiye mota da aka sanar a jaridar yankin, da tsarin duba lafiyar mota a kai a kai, da shaidar kana da kuɗi a ƙasa, fam 8,000 na motar farko. Sunan da kuka ba kuɗin tsakaninku, ko "na mai" ko "ihsani", ba zai canza yadda jami'i zai kalle shi ba in ya ga takardar motar da sunan wani.

Inshora ma ka kira su ka faɗa musu gaskiyar abin da za ka yi. Yawancin inshorar mota tana rufe ɓarnar da tirela ta yi wa wasu ne kawai, ba ta rufe tirelar kanta, balle motar da ke kanta. Mafi muhimmanci, inshorar zirga-zirgar gida ba ta rufe kasuwanci, ta kasuwancin kanka kuma ba ta rufe dakon kayan wasu. Idan aka kama ka kana aikin da inshorarka ba ta rufe ba, ana ɗaukarsa tuƙi babu inshora: fam 300 da maki shida a nan take. Kai kuwa bara ka ci jarrabawa, kuma duk wanda ya tara maki shida cikin shekara biyu na farko ana soke lasisinsa gaba ɗaya, ya koma ɗan koyo, ya sake rubuta jarrabawa ya sake ta hanya. Tsayawa ɗaya a gefen titi ta isa ta raba ka da motar da kake neman abinci da ita. Wannan ne ya sa na tsawaita a nan.

Idan wani ɗan'uwa sabon zuwa zai taya ka tuƙi da lasisin Najeriya ko na Nijar, ka sani wata 12 kaɗai yake aiki daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar, ba a kuma musanya shi da na Birtaniya, sai ya zauna jarrabawa. Ni dai ba zan ba irin wannan mutum mota da tirela mai tan biyu da rabi ba, ko da ya yi shekaru yana tuƙi a gida, sai ya samu nasa lasisin an kuma sa sunansa a inshora.

Idan harkar ta bunƙasa har kana son ɗaukar mota biyu ko uku a tafiya ɗaya, ka fita daga gonar B. Rukunin C1 na mota ce daga kilo 3,500 zuwa 7,500, C1E ya ƙara maka tirela har jimillar ta kai 12,000, CE kuma shi ne na manyan tireloli da ke kai tan 44 a kan aksil shida. Dukansu sai likita ya cike maka fom ɗin D4, ka ci jarrabawa, ka samu shaidar ƙwarewa ta CPC wadda ake sabuntawa da horon awa 35 duk shekara biyar. Tun Nuwamba 2021 ana iya zuwa CE kai tsaye ba sai an bi ta C, rukunin babbar mota, ba.

Shawarata a matakin da kake yanzu: kada ka fara da sayen tirela. Fara da hoton farantin motarka da shafin littafinta mai maganar ja. Kira wurin da ke sa takograf su gaya maka ko motarka na karɓa da nawa ne, kira inshora su ba ka sabon farashi, ka haɗa da kuɗin tirela da ƙugiya da man zuwa da dawowa da yinin da za ka rasa, ka raba a kan yawan motocin da kake turawa a shekara. Idan mota ɗaya ko biyu ce a wata, mai yiwuwa ka tarar mai ɗaukar da kake ƙorafi a kansa bai cuce ka ba. Idan lissafin ya nuna riba, ka sayi tirelar da ba ta kai kilo 1,020 ba, ka tsaya a kan motocinka na kanka, kuma ka biya kuɗin horon kwana ɗaya wurin mai koyar da jan tirela duk da doka ba ta tilasta ba. Soke jarrabawar nan bai sa ja da baya da tirela ya yi sauƙi ba, kuma gara ka koye shi a filin horo da ka koye shi a ƙofar tasha manyan motoci na jere a bayanka.